Fashin baƙi: Wa zai biya ungulu ladan aikinta?

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, ungulaye a Indiya sun kai miliyoyi masu yawa. Ɗaya daga cikin nau'o'insu, mai farin ƙugu, wasu masana na ganin babu wani babban tsuntsu mai cin nama da ya kai shi yawa a faɗin duniya. Abin da ya kawo haka a fili yake. Ƙasar na da shanu barjat, kuma mafi yawan al'ummarta ba sa cin naman saniya, saboda haka idan ta mutu sai a feɗe fatar a jefar da gangar jikin a bayan gari. Kafin awa guda ungulaye sun yi dafifi sun sauke naman tas, sai ƙashi. Ba a taɓa ware ko sisi a kasafin gwamnati don wannan shara ba, amma kullum ana yin ta.

Daga tsakiyar shekarun 1990 sai tsuntsayen suka fara mutuwa. Za ka ga ungulu a kan reshe ta langwaɓar da wuya, ta kwana biyu a haka, sannan ta faɗo. An zargi annoba, an zargi maganin ƙwari, duk ba a dace ba. Sai a 2003 wasu masu bincike da ke aiki a Pakistan, ƙarƙashin jagorancin Lindsay Oaks, suka gano bakin zaren, suka wallafa sakamakon a 2004. Maganin rage zafin ciwo ne mai suna diclofenac, wanda ya yi arha a lokacin, likitocin dabbobi da masu shanu suka rungume shi suna yi wa dabbar da ta tsufa ko ta kwanta ciwo allura. Idan dabbar ta mutu kafin maganin ya bar jikinta, duk ungulun da ta ci naman, sai ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. Da aka riƙa feɗe gawarwakin tsuntsayen, sai a tarar da wani farin abu kamar alli ya lulluɓe hanta da zuciya, alamar ƙoda ta daina tace jini.

Abin da ya fi tsorata masana shi ne ƙanƙantar adadin da ake buƙata. Lissafi ya nuna cewa ko da mushen da ke ɗauke da maganin bai kai ɗaya cikin ɗari ba, ya isa ya jawo wannan ɓarna, domin ungulu ba ta cin abinci ita kaɗai, a kan mushe ɗaya sai ka ƙirga ɗari ko fiye. Tsakanin 1992 da 2007, mai farin ƙugun nan ta ragu da kashi 99.9 cikin 100. Wato a cikin kowace dubu, guda ɗaya ta rage.

Mushe kuwa bai daina zuwa bayan gari ba. Cikin ungulu na da wani ruwa mai tsananin tsami da ke narkar da ƙwayoyin cuta masu haɗari, saboda haka cutar da ta shiga cikinta galibi a nan take ƙarewa. Da ta kau, sai karnukan da ba su da masu su da ɓeraye suka gaji abincin. Su kuma ba sa cinye shi da sauri, kuma kare yana komawa cikin gari ya yi cuɗanya da yara, ya ciji mutum, ya sa masa cutar haukan kare. Abin da ya rage na naman ya ruɓe a fili, wani a jefa shi a kogi, ruwan sha ya gurɓata. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta gundumomin da a da ke da ungulaye da yawa da waɗanda dama can ba su da su. Sun gano cewa mace-macen mutane ya ƙaru da sama da kashi 4 cikin 100 a gundumomin da suka yi asarar tsuntsayen, suka ƙiyasta cewa an yi asarar rayuka kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, ana iya yin gardama a kan adadin. Amma ko da rabinsa ne gaskiya, ai an yi babban rashi, kuma duk a kan tsuntsun da mutane ke kawar da kai in sun gan shi.

Indiya da Pakistan da Nepal sun haramta yi wa dabbobi amfani da diclofenac a 2006, aka kuma samo meloxicam wanda ba ya cutar da ungulu. Abin takaici, a 2013 Sifaniya, ƙasar da ta fi kowace yawan ungulaye a Turai, ta ba da izinin sayar da wannan maganin don dabbobi, bayan duniya ta riga ta san abin da yake yi.

Na faro da wannan labari ne domin shi ya fi fito da abin da ake nufi idan aka ce dabba tana da aiki a muhalli. Mutane da dama sun ɗauki kare namun daji a matsayin tausayi kawai, ko sha'awar masu hannu da shuni. Tausayi na da muhimmanci, Allah ne ya halicce su kamar yadda ya halicce mu. Sai dai bayan tausayin akwai lissafi. Daji kamar ɗaki yake: za ka iya cire labule ko ka naɗe tabarma ɗakin yana nan, amma ranar da ka zare ginshiƙi rufin zai biyo ka. Matsalar ita ce sau da yawa ba a gane wace dabba ce ginshiƙin sai bayan an zare ta.

Wanda ya fara nuna haka ta hanyar gwaji shi ne Robert Paine, a gaɓar tekun jihar Washington ta Amurka a shekarun 1960. Ya riƙa ɓamɓare wata halittar ruwa mai siffar tauraro daga kan wasu duwatsu yana jefa ta cikin teku. Da babu mai cin su, sai wasu halittu masu ɓawo suka mamaye duwatsun suka kori kowa, nau'o'in da ke wurin suka sauko daga 15 zuwa 8. Mai farauta ɗaya ne ashe yake hana mai ƙarfi cinye wurin kowa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na gandun dajin Serengeti a Tanzaniya, domin ya nuna yadda zaren ke da tsawo. A ƙarshen shekarun 1880 annobar shanu da ake kira cutar bushiya ta shigo Afirka ta hanyar shanun da Italiyawa suka kawo Eritiriya. Ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar, ta kuma tsallaka cikin namun daji, musamman ɓauna da wata dabba dangin gwanki da kanki da ake kira wildibis, wadda ke yin ƙaura garke-garke tsakanin Tanzaniya da Kenya tana bin ruwan sama. Shekara da shekaru cutar na danne yawanta. A farkon shekarun 1960 ba ta wuce kimanin 250,000 ba. Sai aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun dajin rigakafi. Ba a yi wa naman daji ko ɗaya allura ba, amma cutar ta ɓace a cikinsu, domin dama daga shanu take zuwa musu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 wildibis ta haura miliyan 1.3.

Masu kula da dajin sun firgita, wasu har suna ba da shawarar a rage su kada su cinye ciyawa su mayar da wurin fako. Abin da ya faru ya saɓa wa tsoronsu. Garken ya riƙa cinye ciyawar da a da ke bushewa ta zama makamashin gobarar daji. Gobara ta ragu, ƙananan itatuwan da wuta ke ƙonewa kowace shekara suka samu damar girma, raƙumin dawa da tsuntsaye suka samu abinci da mafaka, zakuna da kuraye suka ƙaru. Masanin da ya shafe shekaru yana bibiyar wannan, Tony Sinclair, shi ya haɗa waɗannan zaruruwa. Allurar da aka yi wa saniya a ƙauye ita ta tsirar da bishiya a tsakiyar daji. Ita kuwa cutar bushiya, a 2011 aka ayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Kishiyar wannan ta faru a Sin a 1958, lokacin da gwamnatin Mao ta shelanta yaƙi da sauro da ƙudaje da ɓeraye da tsuntsayen gwara, bisa hujjar cewa gwara na cin hatsi. Jama'a suka fito da ganguna da kwanoni suna kora har tsuntsayen su gaji su faɗo. An manta cewa gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fari da sauran ƙwari suka yi wa gonaki kaca-kaca, abin ya ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 muni. A 1960 aka cire gwara daga jerin, aka maye gurbinta da kuɗin cizo.

Giwa ma ma'aikaciya ce. A dazuzzukan tsakiyar Afirka akwai itatuwan da ƙwallonsu ya yi wa kowace dabba girma da tauri sai ita. Takan haɗiye, ta yi tafiyar kilomita masu yawa, ta ajiye irin a cikin kashinta, ga shuka ga taki a wuri ɗaya. Da rani kuma takan tona busasshen rafi da haure da ƙafa har ruwa ya ɓuɓɓugo, sauran dabbobi su biyo sawu su sha. A 2021 hukumar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta ce giwar kurmi ta ragu da sama da kashi 86 cikin 100 a cikin shekara 31. Itatuwan da suka dogara da ita suna nan a tsaye, domin bishiya na daɗewa, amma masu gadonsu sun yi ƙaranci. Irin wannan asara sai jikoki za su gan ta.

A nan ya kamata a yi hattara, domin masu son namun daji kan zarce gona da iri. Labarin da aka fi yayatawa shi ne na kyarkeci a gandun dajin Yellowstone na Amurka. An ƙarar da shi a shekarun 1920, aka maido da shi daga Kanada a 1995 da 1996, kuma ana cewa dawowarsa ta rage manyan barewar da ke cinye tsirrai a bakin rafi, itatuwa suka farfaɗo, har koguna suka gyaru. Akwai ƙamshin gaskiya, amma masana da dama sun nuna cewa farfaɗowar a wasu wurare ta faru, a wasu ba ta faru ba, kuma farautar da mutane ke yi a wajen gandun da fari da wasu masu cin nama duk sun taka rawa. Darasin da na ɗauka shi ne maido da dabba ba ya maido da komai yadda yake. Inda rafi ya riga ya zaizaye ya yi zurfi, ko kyarkeci dubu aka kawo ba zai cike shi ba.

Mu dawo kan ungulu, domin abin da ya faru a Asiya yana faruwa a Afirka ta wata fuskar. Wani bincike da Darcy Ogada ta jagoranta, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa nau'o'i takwas na ungulayen nahiyar sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a cikin shekara 30. A cikin mace-macen da aka tattara bayanansu, guba ce ta ɗauki kashi 61, cinikin sassan jikinsu don tsubbu da magani ya ɗauki kashi 29. A shekarar ce IUCN ta sanya nau'o'i huɗu a matakin da daga shi sai ƙarewa, ciki har da ƙaramar ungulun nan da aka saba gani a mahauta da juji, da kuma babbar nan ta Ruppell, wadda a 1973 ɗaya daga cikinsu ta yi karo da jirgin sama a saman Abidjan a nisan mita 11,300 daga ƙasa.

Gubar iri biyu ce. Akwai ta masu farautar hauren giwa. Ungulu ba ta jewar banza, kuma jami'an tsaron daji sun san haka, da sun hango ta tana shawagi sai su nufi wurin. Don haka ɓarayin haure kan barbaɗa wa gawar giwar guba da gangan, su kashe masu tona musu asiri. A watan Yunin 2019 an tsinci ungulaye 537 matattu a arewacin Botswana kusa da gawarwakin giwaye uku. Akwai kuma ta makiyayi, wanda zaki ko kura ta kashe masa saniya, ya zuba maganin ƙwarin gona a ragowar naman don ya rama. Shi ba ruwansa da ungulu, amma ita ke fara sauka.

To wa ke biyan kuɗin kare duk waɗannan? A ƙasashe da dama amsar ita ce ɗan yawon buɗe ido. Kuma inda aka tsara abin da kyau, yana aiki. Goggon birin tsaunuka, wanda ba a samun sa sai a iyakokin Ruwanda da Yuganda da Kwango, ya ragu zuwa kimanin 250 a tsaunukan Virunga a farkon shekarun 1980. Yau jimillarsu ta haura 1,000, kuma a 2018 aka sassauta matakin haɗarin da suke ciki. Ruwanda na karɓar har dala 1,500 daga baƙon ƙasar waje, mutum takwas kacal ake bari su ziyarci iyalin birai ɗaya a rana, awa ɗaya tak za su yi, kuma sai sun ba da tazara domin murar mutum na iya kashe birin. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun dajin ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina makaranta ko asibiti ko a ja ruwa. Namibiya ta bi wata hanyar: dokar 1996 ta bai wa al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyarsu, kuma yanzu akwai irin waɗannan yankuna 86.

Duk da haka, ban yarda a jingina rayuwar daji kacokan a kan yawon buɗe ido ba. Da farko, kuɗin baƙo kyau yake bi. Abin da ake tallata masa shi ne manyan dabbobi biyar: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda, jerin da tun asali mafarautan Turawa suka ƙirƙira don dabbobin da suka fi wuyar harbi. Babu mai hawa jirgi don ya kalli ungulu, ko jemagen da ke yaɗa irin itatuwa cikin dare, ko buzuzun da ke binne kashin dabbobi, ko ƙudan zuman da ke barbarar furanni, alhali kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar duniya suna amfana da barbarar da dabbobi da ƙwari ke yi. Wuraren da ba su da zaki ko titi mai kyau ko tsaro, ko da suna cike da halittu masu muhimmanci, babu mai leƙa su.

Sannan shi kansa kallon yana da illa in ya yi yawa. A gandun dajin Maasai Mara na Kenya ba abin mamaki ba ne ka ga motoci gommai sun yi wa dabba ɗaya zobe, direbobi na kiran juna ta rediyo. Wani bincike na 2018 a kan rabbi, dabbar nan dangin damisa da ta fi kowace gudu a doron ƙasa, ya gano cewa a wuraren da baƙi suka yi yawa, sai uwa biyar kafin a samu ɗa ɗaya da ya rayu ya girma a haihuwa guda, alhali inda baƙi ba su da yawa kowace uwa kan raya fiye da biyu. Da rana take farauta, daidai lokacin da motoci ke yawo, kuma taron motocin na tona wa zaki da kura inda ta ɓoye 'ya'yanta. Ga kuma rashin tabbas. A 2020 da annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, kuɗin shiga ya tsaya cak, gandun daji da dama suka kasa biyan albashi da sayen man sintiri, waɗanda suka rasa aiki a otal wasunsu suka koma ɗana tarko.

Mafi nauyi a wurina shi ne batun maƙwabtan dabbobin. Baƙo yana ganin giwa ta tagar mota na minti goma, manomi kuwa yana ganin ta a gonarsa da tsakar dare, ta tattake abin da ya wahala a kai damina guda. An fitar da 'yan ƙabilar Maasai daga Serengeti a 1959. An raba 'yan ƙabilar Batwa da dajin Bwindi na Yuganda a 1991 da aka mayar da shi gandun goggon biri, kuma akasarinsu ba su samu ƙasar zama a madadi ba. Botswana, mai giwaye kusan 130,000, ta ɗage haramcin farauta a 2019 saboda koken manoma, kuma a 2024 shugabanta na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya yi barazanar aika wa Jamus, wadda ta nemi tsaurara dokar shigo da sassan namun dajin da aka farauto, giwaye 20,000 don su ɗanɗana zama da su. Mutum na iya ƙin farautar nishaɗi, ni ma ba na son ta, amma ba daidai ba ne wanda ya ƙarar da namun dajinsa tuntuni ya zauna nesa yana gindaya wa wanda ke kwana da fargaba sharaɗi ba tare da ya ɗauke masa ko kaɗan daga asarar ba.

Shi ya sa abubuwan da suka fi tasiri sau da yawa ba su da armashin ɗaukar hoto. Shinge mai ƙarfi na waya da itace da za a kulle shanu da dare yana rage ɓarnar zaki da kura ƙwarai, kuma makiyayin da bai yi asara ba ba shi da dalilin neman guba. Diyyar da ake biya cikin lokaci, ba wadda za a shekara ana zarya a ofis ba, tana sanyaya zuciya. A Kenya, Lucy King da abokan aikinta sun nuna cewa giwa na tsoron ƙudan zuma, saboda haka a jera amya a kewayen gona a haɗa su da waya, da giwa ta taɓa wayar zuma ta tashi sai ta juya, manomi kuma ya samu zumar sayarwa. A Nepal an kafa wuraren da ake kula da tsofaffin shanu har su mutu ba tare da maganin da ke cutarwa ba, sannan a ajiye wa ungulaye naman. Kamata ya yi wani kaso na abin da baƙo ya biya don ganin zaki ya riƙa tafiya ga irin waɗannan ayyuka, kuma gwamnatoci su sanya sauran a kasafin lafiya da na noma, tunda can ne asarar ke bayyana idan dabbobin suka kau.

A kudancin Afirka yanzu ana ɗaura wa wasu ungulaye na'urar bibiya, ta yadda idan aka ga alamar wani abu ya same su za a tura jami'ai cikin gaggawa su ƙone mushen, su kwashi waɗanda ke da sauran numfashi. A watan Mayun 2025 an sanya wa gawar wata giwa guba a gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu. Masu ceto sun isa da motoci da jirgi mai saukar ungulu, suka kuɓutar da 84, amma 123 sun mutu. Abin ya zo a farkon lokacin ƙwai, kuma manyan ungulaye ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, uwa da uba na karɓa-karɓa wajen kwanci da ciyarwa, saboda haka mutuwar ɗayansu na nufin sheƙar ma ta tashi. Ɗan da ya tsira kuwa sai ya kai kimanin shekara biyar kafin ya fara nasa ƙwan.